Akwati Uku da Muryar Malam

Abin da ke cikin wannan ciniki ba shi da yawa, yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga shi. Kaset ɗin bidiyo guda ɗaya, wanda ba shi da na biyu a duniya. A cikinsa, minti uku da 'yan kai na muryar mahaifina, wanda duk unguwa ke kira Malam. Sai kunnen mahaifiyata na hagu, don na dama ya daɗe da ajiye aiki. Na huɗu, wanda a lokacin na ɗauka ya fi sauran nauyi, shi ne sunan da na yi a kasuwar hatsi ta Kontagora, cewa ni ba a cuta ta.

Kaset ɗin na sunan ɗana namiji na farko ne, a tsakiyar shekarun 1990. Lokacin hannuna ya fara kama abin duniya, ina kuma so a sani. Na ɗauko mai bidiyo tun daga Minna. Malam bai so ba, amma bai hana ba, ya dai ce kada a haska masa fitila a ido. Mai bidiyon ya yi awa uku yana aiki. Ya ɗauki rago tun yana tsaye har ya koma tsire, ya ɗauki masu cin waina, ya ɗauki babbar rigata ta gaba da ta baya. Malam kuwa sau ɗaya ya fito, wurin addu'a, yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida, yana magana da muryar nan tasa mai sanyi wadda ko ransa ya ɓaci ba ta ɗaguwa. Kafin a yaye yaron Allah ya yi wa Malam rasuwa.

Safiyar suna Inna tana cikin gida tare da mata, kamar yadda aka saba, don haka ba ta ji addu'ar ba. Bayan ta fita takaba, wata rana ta same ni a falo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai wannan, an ce akwai Malam a cikin abin nan naka."

Na sa mata. Ta zauna a tabarma ta zuba ido, ta ga leɓensa na motsi. Ta matso, ta ƙara matsowa, har ta manna kunnen hagu a jikin talabijin. Can ta koma wurin zamanta.

"In na matso in ji shi, ba na ganinsa. In na ja baya in gan shi, ba na jinsa."

Ba ta nemi komai ba. Inna ba ta roƙo. Amma daga ranar, kullum bayan la'asar sai maiɗakina ta sa mata kaset ɗin in akwai wuta, ta zauna tana kallon bakin mijinta yana motsi. Na ce a raina wannan ƙaramin aiki ne. Murya ce ta yi kaɗan, a sayo mata ƙari.

A nan sai na faɗi irin mutumin da ya tafi sayayyar. Ban gaji ko sisi ba, Malam littattafai ya bari. Da mudu na fara, ina bin kasuwannin ƙauye a bayan akori-kura. Tun ina saurayi aka taɓa sayar mini da buhun dawa a ɗinke, baki fes, na kawo gida na zazzage na tarar da rabinsa ƙaiƙayi ne da tsakuwa. Daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na sayen buhu a ɗinke. Ko liman ne ya kawo, sai an farke, an zazzage a tabarma, na cusa hannu har gwiwar hannu. Wannan doka ita ta gina mini gida, ita ta kai ni Makka. Kuskurena shi ne na ɗauka duk duniya buhun dawa ce.

Akwai wani mai gyaran rediyo kusa da tasha, Banufe, wanda direbobin Legas ke sauke wa kayan kwatano. Ni kuwa kakana Bakatsine ne, don haka abokin wasana ne, tsakanina da shi ba a gaisawa sai an taɓa juna.

"Bawana ya zo gaishe da ubangidansa," in ji shi, bai ko ɗago daga rediyon da yake gyarawa ba.

"Na zo in ga ko Banufe ya koyi ciniki a kan tudu, ko har yanzu sai a cikin kwalekwale."

Na faɗa masa buƙatata. Ya ce abin da nake nema sunansa amfilifaya, a jona shi da bidiyo, shi kuma ya tura murya cikin manyan lasifikoki. Ya ce iri biyu ne. Ya ɗauko wani baƙin akwati guda ɗaya ya ajiye a kan benci, ba shi da wani ado, maɓallin kunnawa ɗaya, abin murɗawa babba ɗaya da ƙanana biyu. Ya ce wannan komai a haɗe yake a cikinsa. Sai ya nuna mini wasu akwatuna uku a kan kanta, jere bisa juna. Na sama shi ke karɓar murya ya tace ta. Na tsakiya ikwalaiza ne, mai 'yan sanduna goma da ake turawa sama da ƙasa. Na ƙasa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, shi ke ba da ƙarfi. Kowanne da kamfaninsa, kowanne da ƙasar da ya fito.

"Wanne ya fi?"

"Wa zai riƙa kunnawa?"

"Ni mana."

"Kai kwana nawa kake yi a gida a mako?"

Na yi kamar ban ji ba. Kwana huɗu a mako ina hanya, daga Kumbashi zuwa Nasko, in kaka ta yi har Zugurma nake kaiwa. Na juya baƙin akwatin, na ga wata 'yar takarda manne a kan noti a bayansa.

"Buɗe mini in ga cikinsa."

"Ba na buɗewa. Takardar kamfani ce, tun da aka ƙera shi hannu bai shiga ba. Shi ne darajarsa."

"Ashe buhu ne a ɗinke."

"In na buɗe me za ka gani, Alhaji? Tsakuwa?"

Ƙin da ya yi shi ya gama da ni. Na ce ya buɗe mini ukun can. Nan take ya buɗe, don notinsu duk sun cinye saboda yawan kwancewa, ni kuwa na ɗauki wannan alamar gaskiya ce. Na leƙa ciki. Na ga wani koren faranti da 'yan ƙananan abubuwa tsaitsaye kamar garin da aka hango daga kan dutse. Na gyaɗa kai, na ce madalla. Har na sa yatsa na taɓa ɗaya, don kada a ce ban duba ba.

Ba zan ce ba ni da hujja ko kaɗan ba. Na ce masa, in abu ɗaya ya lalace a cikin haɗaɗɗen, duka ya tafi. Waɗannan kuwa, in ɗaya ya mutu a canza shi, biyu na nan. In na ƙara samun buɗi in sayi wanda ya fi shi ƙarfi, ba sai na zubar da sauran ba. Wanda ya zuba gero da dawa da wake a rumbu ɗaya, ranar da ƙwaro ya shiga ya shiga duka.

"Maganarka gaskiya ce," in ji Banufe. "Ga mutumin da ke zaune a gida, mai kunnen kiɗa, mai wutar da ba ta rawa, waɗannan sun fi. Kai tsohuwa kake so ta ji mijinta. Ɗauki ɗayan nan ka tafi."

Na san wannan salon, don ni ma ina yi. In mai kaya ya dage a kan abu ɗaya, to shi ne ya kwana masa. Na yi murmushin wanda ya gano tarko, na ce a ɗaure mini ukun, da lasifika biyu. Yana ɗaurewa ya ƙara mini da wani ƙarfe mai nauyi, taransifoma, ya ce akwatin ƙarfin daga ƙasar da wutarsu rabin tamu ce ya fito, in na jona shi kai-tsaye a bango zai yi hayaƙi. Ya kuma ce akwai tsari: akwatin ƙarfi shi ne na ƙarshe a kunnawa, shi ne na farko a kashewa. Na ce na ji. Na fito ina jin na ci kasuwa, na bar shi da buhunsa.

A falona akwai teburin cin abinci da ba a taɓa cin abinci a kansa ba, a nan na jera su. Soket ɗaya ne a ɗakin, fulogi kuwa biyar, sai na yi ta ɗora reshen soket a kan reshe har abin ya yi kama da kan barewa. Wayoyi ja da fari suka zuba ta bayan tebur. Na yini ina jonawa. Da na gama na aika a kira Inna, na sa ta zauna a tsakiya, maiɗakina na tsaye a bakin ƙofa. Don ɗoki na fara da akwatin ƙarfi.

Ƙarar da ta fito ba ta da maraba da an jefo buhu daga saman mota. Kajin tsakar gida suka watse. Inna, wadda ba ta jin sallama sai an maimaita, wannan kam ta ji. Ta naɗe tabarmarta a hankali.

"In kun gama harbin, a kira ni."

Na sake bin tsari yadda aka faɗa mini. Murya ta fito, amma a ƙarƙashinta akwai wani gurnani mai kauri, kamar injin niƙa a unguwar maƙwabta. Hayaniyar masu cin waina ta haye gurnanin lafiya lau. Kukan rago ma ya fito tsaf, ban taɓa jin rago ya yi kuka da kyau haka ba. Muryar Malam ce kaɗai ta nutse a ciki.

Washegari zan kama hanya. Na yanka filasta na manna a kan kowane fulogi da kowane maɓalli, na rubuta musu lamba bi da bi, na tsayar da maiɗakina na yi mata darasi. Ta saurara har ƙarshe.

"Alhaji, in na yi kuskure me zai faru?"

"Wani abu zai iya ƙonewa."

"To ka dawo lafiya."

Bayan kwana huɗu na dawo na tarar an lulluɓe teburin da tsohon zane. Ba wanda ya taɓa. Da can aƙalla Inna tana ganin fuskar Malam kullum la'asar. Yanzu da na cusa bidiyon cikin wannan saƙar wayoyi, ko fuskar ma ta rasa. Da na je gaishe ta, farashin wake a Nasko kawai ta tambaye ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai hankali a nan zai ɗauki kayan ya mayar. Amma mayarwa na nufin in ratsa tasha da akwati uku a bayan mota, in tsaya gaban Banufe in ce ya fi ni gaskiya. Na gwammace in yi faɗa da gurnani. Mako uku ina wannan yaƙi, duk ranar da nake gida kuma aka yi sa'ar wuta. Na sauya wayoyi, na nesanta taransifoma, na ɗora akwatin sama a kan filo. Abin gwajina kuwa guda ɗaya ne, wurin da muryar Malam ta fi yin ƙasa, kusa da ƙarshen addu'a. In sa, in tura sandar ikwalaiza ɗaya, in mayar da kaset baya, in sake sawa. Akwai kasetin wa'azi a gidan, akwai na wasan kwaikwayo da yara ke aro. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in yi gwajin da su ba. Mutumin da ba ya yarda a ɗibi samfuri sai daga buhun da zai saya, haka ya yi da kaset ɗin da ba shi da na biyu.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina cikin wannan aiki, har na fara jin kamar gurnanin ya ragu, sai na ji ƙaurin roba. Kafin in waiga komai ya mutu, talabijin, bidiyo, da akwatunan uku. Na ce an ɗauke wuta. Na san halin wutar garinmu, in ta tafi takan dawo da fushi. Na tuna kaset na ciki. Na ce kafin ta dawo ta ƙona bidiyon da Malam a cikinsa, bari in cece shi. Na danna maɓallin fitarwa, shiru. Na ɗauko sukudireba.

Na kwance murfin bidiyon. Zaren kaset ɗin ya fito daga gidansa ya naɗe wani ƙarfe mai sheƙi. Na ɗaga kaset ɗin, ya ƙi. Na ɗan ja. Da ya ƙi, na ƙara ja, yadda nake yi wa igiyar buhu. Sai na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye. Kaset ya fito a hannuna, zare na lilo, a tattakure kamar hanjin kaza.

Daidai nan maiɗakina ta shigo da kwanon fura. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta ɗaga kai sama.

"Alhaji, in an ɗauke wuta, me ke juya fanka?"

Fanka tana ta juyawa. Tun ɗazu take hura mini ƙeya. Ba a ɗauke wuta ba, reshen da na ɗora wa fulogi biyar ne ya narke. Da na zare fulogin bidiyo na kai shi soket ɗin ɗaki na danna maɓalli, da kaset ya fito da kansa, cikin mutunci.

Na naɗe kaset ɗin a cikin hulata na tafi tasha a ƙasa, don ban yarda da kaina a kan sitiyari ba. Banufe ya karɓa ya duba. Bai ce bawana ba, wannan shi ya fi tsorata ni. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya warware zaren a hankali, ya lallaɓa inda zai lallaɓu da bayan cokali. Inda ya tsage kuwa ba dabara. Ya sa reza ya yanke, ya haɗa baki da baki ya manne. Ya ɗaga guntun da ya cire ya gwada a hannunsa, kamu ɗaya da 'yan yatsu.

"Wannan nawa ne a magana?"

"Bai kai rabin minti ba."

Ya jona bidiyo biyu, ya juye kaset ɗin cikin sabo. Muka zauna awa uku muna kallon rago da babbar rigata. Da aka gama ya miƙa mini duka biyun.

"Da ranar farko ka ce a juye maka, da tuni an yi. Amma Bakatsine ba ya tambaya, sai ya farke."

Da na ji zolaya ta dawo na san zan rayu. Na tambaye shi ko baƙin akwatin na nan. Yana nan, takardarsa na manne. Ya ce in kawo masa akwatunana uku da taransifomarsu ya ba ni shi, in cika masa da buhun masara biyu. Ban taya ba. Ya ce kuma a ɗinke yake so, ya yarda da ni.

Da la'asar ɗin Asabar na jona. Waya biyu daga bidiyo, waya biyu zuwa lasifika, fulogi ɗaya. Ban san inda gurnanin ya tafi ba, ban kuma tambaya ba. Inna ta zauna a inda take ganin hoto, ta karkata kunnen hagu. Na murɗa babban abin murɗawa. Malam ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi kafin ya fara karatu, ya yi bisimilla. Inna ta ja mayafinta ta rufe baki. Ni kuma na sami abin dubawa a bayan tebur.

Ya yi wa jariri addu'a, ya yi wa mai jego, ya yi wa magabata. Sai hoton ya yi tsalle. Malam da ke zaune da hannuwa a buɗe, sai ga shi yana shafawa, maza kuma na cewa amin suna dariya.

Inna ta ɗaga hannu, maiɗakina ta tsayar da kaset.

"Dariyar me suke yi a cikin addu'a?"

Na faɗa mata abin da na yi, tun daga sukudireba har reza. Ta saurara.

"Me ya ce a wurin?"

Wannan kam na sani. Na ji wurin sau ba adadi, har inda yake jan numfashi na haddace. Na durƙusa ta gefen hagunta na ce, ya ce Allah ya ƙara wa uban yaron nan buɗi, ya tsare masa dukiyarsa daga haram. Na tsaya a nan.

"Da saura, Alhaji," in ji maiɗakina. Mako uku tana jin wurin ta cikin bango.

Na ƙarasa. Ya ce, ya kuma ba shi haƙuri, ya koya masa barin abu yadda ya same shi, don wayo kam ya ishe shi.

Inna ta shafa.

"Amin. Wannan tana hanya tukuna."

Maiɗakina ta ɗiga jan farce a kan maɓallin kunnawa, ta ɗiga wani a daidai inda za a tsayar da abin murɗawa. Cikin kwana biyu Inna ta iya da kanta. Shekara shida ta yi tana kunnawa, har Allah ya karɓi abinsa, kuma akwatin bai taɓa neman a buɗe shi ba. In ina gida aka zo wurin tsallen, sai ta tsayar ta juyo mini da kunnen hagu, in durƙusa in biya, duka, ba ragi. In ina hanya maiɗakina ke biyawa, an ce har da kwaikwayon muryar Malam a wurin wayon.

Ga yadda cinikin ya tashi. Na yi asarar buhun masara biyu, da soket ɗaya, da mako huɗu na la'asar ɗin Inna waɗanda ba a sayo su a ko'ina. Sunana na kasuwa ya ɗan taɓu, don Banufe bai bar labarin ya kwana ba. An daɗe in na ce a farke buhu sai wani ya tambaya ko a kawo mini sukudireba. Inna ta sami muryar Malam, minti uku ba kaɗan. Kaɗan ɗin da ya ɓace, kamu ɗaya da 'yan yatsu, yana nan a cikin ambulan a akwatin takarduna, ba injin da zai iya karanta shi. A duk kaset ɗin awa uku, nan ne kaɗai mahaifina ya yi magana a kaina, kuma ni na cire shi da hannuna.